Kafin Ka Karɓi Makullin Tirela

Dayi, ƙasar Malumfashi.

Zuwa ga ɗana Shamsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi maka gaisuwar uwa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Sale da iyalinsa da ke riƙe da kai a Funtua. Allah Ya tsare min kai a zaune da tafe, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mu nan lafiya lau. Babanku yana gaishe ka, matarka Rukayya ma haka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannunka. Dalili shi ne, duk sanda na kira ka a kan maganar nan, kafin in kai inda nake son kaiwa sai muryata ta fara rawa, kai kuma ka shiga cewa, "To Inna, to Inna, in sha Allahu," har mu rabu ban faɗi komai ba. Na yi shekaru a firamare ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa. Bari yau in rubuta tawa. Ka samu wuri ka zauna ka karanta ta a natse, kada ka karanta a tsaye a bakin gareji.

Ka sani ban so ka zama direba ba. Na so ka samu aikin da za ka riƙa fita da safe ka dawo da yamma da rigarka fes. Ka nema, ba a dace ba, ga aure ka yi, ga Rukayya ta yi nauyi. Ka koyi babbar mota, ka samu lasin, kowa na yabon hannunka. Wannan magana ta wuce, ba zan sake tayar da ita ba. Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne ayyuka ukun da ka zayyana mana ranar Juma'ar da ka zo. Ka ce akwai Alhajin nan na Funtua mai fataucin hatsi, da ke son direban da zai riƙa kwaso masa masara da waken suya daga kasuwannin ƙauye, kana kwana gida akai-akai. Ka ce akwai masu motar tumatir daga Danja zuwa Kudu, waɗanda ke biyan direba a kan kowace tafiya, kuma na ga yadda idonka ya yi haske da ka zo kansu. Sannan akwai kamfanin siminti mai albashin wata, wanda zai ɗauke ka ya kai ka nesa da mu, ka yi makonni a hanya kafin a ba ka 'yan kwanakin hutu. Ka ce mu ba ka shawara. Babanku ya ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri." Ni kuwa tun ranar nake ta juya maganar a raina.

Ban taɓa riƙe sitiyari ba, Shamsu. Amma na auri direba tun ina yarinya, na kuma tsufa ina jiran direba. Akwai abin da mai jira ya sani wanda mai tafiya bai sani ba.

Sanda aka kawo ni gidan nan, babanku yana jan wata tsohuwar mota mai bodin katako, yana kwaso auduga daga ƙauyuka zuwa wurin gurza a Funtua. In auduga ta ƙare ya koma masara da dawa. Yawanci kafin isha yana gida, hularsa duk farin auduga, jikinsa na warin baƙin mai. Da damina kuwa sai a jingine motar, ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Ba mu da yawa, amma ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko a wace ƙasa yake ba. Sai dai a lokacin ba mu san muna cikin ni'ima ba. Abokansa masu zuwa Ikko su dawo da rediyo da atamfa da agogo, matansu su shigo suna su zauna kusa da ni suna ƙamshi. Ina gani, shi ma yana gani.

Wata rana yana cin abinci ya ce min, "Malama, an yi min tayin motar tumatir."

Na ajiye ludayi na ce, "Alhamdu lillahi! Da tsoka dai ko?"

Ya ce, "Tafiya guda ta fi abin da nake samu a wata."

Tambayar da na yi ke nan, ita kaɗai. Ban tambayi yaushe zai riƙa barci ba. Ban tambayi su nawa ne za su riƙa karɓar juna a tuƙi ba. Ban tambayi abin da ya sa direban da ke kan motar ya sauka ba. Shi ma bai tambaya ba. Mu biyu muka yi ta murna kamar an yi mana bushara da kujerar Makka. Don haka abu na farko da zan ce maka, duk wanda ya yi maka tayin mota, ka bar maganar abin da zai ba ka ta zo ƙarshe. Wannan ita ce zai fi saurin faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Abin da ba ya son ka tambaya shi za ka fara da shi.

Kai ka san tumatir a miya, ban sani ba ko ka san shi a mota. Tumatir ba ya jiran kowa. Daga lokacin da aka tsinke shi a fadamar Danja aka zuba a kwando, ya fara mutuwa. Fataken da suka saye shi suna cikin motar tare da direba, wasu a gaba, wasu a can sama kan kwanduna, kuma kowane tsayawa da direba zai yi a wurinsu asara ce. In ya tsaya salla su ce ya haɗa ta a gaba. In ya ce zai ɗan runtsa su ce, "Haba direba, so kake kayanmu su zama ruwa?" Ba mugaye ba ne, su ma dukiyarsu ce a kwandon. Amma idonsu yana kan tumatir, ba ya kan idon direba.

Da farko goro ne da baƙin shayi. Daga baya na fara tsintar wasu 'yan ƙwayoyi a aljihunsa in zan yi wanki. Na tambaye shi, ya ce maganin gajiya ne, kowane direba yana sha, a tasha ake sayarwa. Na yarda, don ina son in yarda. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma mai faɗa a kan ruwan wanka. Idanunsa kullum jawur, hannunsa na karkarwa in ya ɗauki kofi. In ya dawo ya faɗi kamar gawa, in yi ta korar yara da kaji daga tsakar gida don kada su tashe shi. Kafin barcin ya sake shi, an aiko lodi ya kammala.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Dayi ce. Ina tsugune gaban mai daddawa, yayarka Maryam na goye a bayana, sai na ji wani mutum a bayana yana ce wa wani, "Ai motar Garba ce ta faɗi, can gaban Tegina. An ce akwai gawa." Bai san ni ba, bai san matar Garba ce ke tsugune a gabansa ba. Na juyo na ce, "Malam, gawar wa?" Ya ce wallahi bai sani ba, shi ma a bakin titi ya ji.

Lokacin waya ba ta yawaita ba. Ban koma gida ba. Na bar kwanon cefanen a wurin mai daddawa, na shiga motar Malumfashi, daga nan na kama ta Funtua. Na sami kawunka Sale, muka je inda manyan motoci ke tsayawa, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Duk motar da ta shigo daga Kudu sai Sale ya ruga ya tari direban, ni kuma ina daga nesa ina karanta fuskarsa. Wannan ya ce ya ga motar a rami, hanya ta yi ja da tumatir kamar an yi yanka, amma bai tsaya ba. Wancan ya ce an ce direban ne. Wani ya ce a'a, fasinja ne. Maryam na kuka a bayana, na ma manta ana ba yaro nono. Sai da rana ta yi sanyi wani dattijon direba ya sauko daga motarsa, ya zo har inda nake, ya ce, "Ke ce iyalin Garba? Da ransa, 'yata. Ni na taimaka aka ciro shi. Ƙafa ce da haƙarƙari. Tashi ki ba yarinyar nan ruwa."

Wanda ya rasu ɗaya ne daga fataken da ke saman kaya, mutumin Danja, mai 'ya'ya ƙanana. Babanku har yau in an yi sallar asuba yana sa shi a addu'a da sunansa.

Da ya samu sauƙi a hannun mai ɗori na tambaye shi yadda aka yi. Na zaci zai ce birki ne ko taya. Ya ce, "Malama, da hantsi ne, rana tarwai, hanya miƙe kamar zare. Ina kallon wata mata da tulu a ka a gefen titi. Ban ji na rufe ido ba. Sai dai na ji mutane na salati a kaina." Ka ji, Shamsu. Ba duhu, ba ruwa, ba rami. Barcin da ya yi ta turewa ne ya zo ya karɓi haƙƙinsa a lokacin da ya ga dama. Ƙwayar nan ba ta korar barci, buɗe ido kawai take yi, mutum yana barci a bayansa.

Mai motar da ya zo dubiya ya gaishe shi sama-sama, sannan ya shiga tambayar ko injin ya taɓu.

Shi ya sa da na ga idonka ya yi haske a kan motar tumatir gabana ya faɗi. Aikin da ake biya a kan tafiya, ba sai maigida ya riƙe maka bulala ba, kai ne za ka riƙa zane kanka. Za ka dawo a gajiye, ka ga wani lodin, ka tuna haihuwar Rukayya ta matso, ka ce bari in ƙara ɗaya. Babanku bai fi ka kwaɗayi ba, bai kuma fi ka wauta ba. Kai ma ba ka fi shi ƙarfi ba. Ina roƙon ka don girman Allah ka bar wannan. In kuwa wata rana a kowace mota ce wani ya miƙo maka ƙwaya ya ce ta gajiya ce, ka ce masa ka gode, ka gangara gefen hanya ka kwanta. Kaya su lalace. An sha yin asarar kaya a mayar.

Bayan ya warke na ce masa ko ni ko tumatir. Ya yi dariya, ya ce ai ko ban faɗa ba. Aka yi masa hanya ya samu tankar mai. Na yi ta godiya ga Allah, a zatona tunda mai ba ya ruɓewa ba wanda zai hana shi barci. Gaskiya ne, ya samu barci. Abin da ban sani ba shi ne layi. Mota ta je daffo, wato ma'ajiyar mai, a Kudu ta shiga layin lodi, ba mai iya cewa yau ko gobe. Direba ba shi da ikon barin mota ya zo gida, don layi na iya motsawa yana nan. Ya fita ya ce min, "Sati guda in Allah Ya so," sai wata ya mutu, wani ya kama. Tsoron wuta kuma daban. Duk sanda aka ce a rediyo tanka ta kama da wuta a wani gari, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne in ji ko wane gari ne.

A cikin irin wannan layin aka haife ka. Kawunka Sale ne ya yi maka huɗuba, shi ya sayo rago, shi ya zauna a ƙofar gida yana amsa barka. Sanda babanku ya iso har ka fara murmushi. Ya shigo da buhun tsaraba, ya miƙa wa Maryam hannu, ta kwasa da gudu ta ɓuya a bayana tana cewa, "Inna, baƙo!" Ya yi dariya a gaban mutane. Da muka shiga ɗaki ya daɗe zaune a bakin gado bai cire takalmi ba.

Akwai kuma maganar rasuwar kakarku, wadda ka sha jin labarinta. Lokacin waya ta zo. Duk sanda ya kira ya ce, "Yaya jikin Gwaggo?" sai in ce da sauƙi. Ita ma haka take umartata, ta ce kada a tayar wa mai tuƙi hankali. Na ɗauka hikima ce. Jiki ya yi ta tsanani ina cewa da sauƙi. Ranar da na faɗa masa gaskiya, ya je wurin shugabansu ya roƙi a ba wani motar ya taho gida, aka ce masa babu wannan tsarin, in ya bar mota ya bar aiki. Ya tsaya ya yi lodi. Ya iso an riga an yi sadakar uku. Ya wuce ɗakinta ya zauna a kan tabarmarta har la'asar. Da na faɗa masa tun da wuri, da ya san yadda zai yi kafin ya shiga layin. Don haka na zaunar da Rukayya na ce mata, "'Yata, kada ki kira shi yana tuƙi, amma in ya tsaya ya tambaye ki gida, ki faɗa masa yadda gida yake." Kai kuma, duk inda za ka yi aiki, ka tambaya tun kafin ka shiga: in an yi min haihuwa ko rasuwa, wa zai karɓi motar in tafi? In suka yi ta kame-kame, ka san amsar ke nan.

Ku yara abin da kuka gani shi ne tsaraba. Burodi, ayaba, lemo, da hon ɗin da yake danna muku daga bakin titi ku fita da gudu. Na san tun daga nan mota ta shiga ranka, ban kuma ga laifinka ba. Da tuƙin nan aka ciyar da ku, da shi aka yi rufin kwanon da ke kanmu, sana'a ce ta halal mai albarka. Amma ka dubi yadda babanku ke dafa bango kafin ya miƙe, ka dubi yadda yake salla a zaune. Wannan ma tsarabar hanya ce, ita ce ba a rabawa yara.

To, da ka tafi ranar Juma'a na riga na yanke a raina. Na ce motar Alhaji mai hatsi za ka karɓa. Abin da zai ba ka kaɗan ne, amma za ka riƙa kwana gida, in ji shigowarka, Rukayya ta haihu kana kusa. Na ga kamar rayuwar da muka raina ce Allah Ya dawo mana da ita ta hannunka. Shekaranjiya da safe na kai wa babanku koko a zaure, na faɗa masa haka.

Ya juya kokon, ya juya, sannan ya ce, "Malama, a ina Alhaji ke sayen masararsa?"

Na ce, "A kasuwannin ƙauye mana."

Ya ce, "Waɗanne? Inda take da araha. Ina take da araha yanzu?"

Nan na gane inda ya dosa.

Ya ce, "Hanyoyin da na bi da auduga ba su ne na yau ba. Da in mota ta lalace min a daji, a nan nake shimfiɗa tabarma, Fulani su kawo min nono. Yau fa? Kin manta Haladu?"

Ban manta ba. Kai ma ka san Haladu na bayan masallaci, wanda ke jan motar hatsi. Da la'asar sakaliya 'yan bindiga suka tare shi yana dawowa daga wata kasuwa ta yamma da Funtua, suka shiga daji da shi. Ni na riƙa zuwa ina zama da matarsa. Na ga yadda take zabura duk sanda waya ta yi ƙara. Na ga ranar da 'yan'uwansa suka sa hannu aka sayar da gonar gadonsu. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma ka gan shi yanzu, a yi ta magana yana kallon ƙasa, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa shi ya miƙe tsaye.

Na ce, "Ai Alhaji mutumin kirki ne, ba zai tura shi inda ba lafiya ba."

Ya ce, "Mutumin kirki ne, na san shi tun yana awo. Amma ɗan kasuwa ba shi da ranar aiki da ranar hutu, farashi ne agogonsa. In an buga masa waya an ce masara ta faɗi a wuri kaza, zai ce Shamsu tashi. Yaron nan sabo ne, ga kunya. Zai iya kallon idon Alhaji ya ce ba zan je ba?"

Na ce, "To so kake ya yi nisa? Kai da ka san abin da nisa ya yi mana?"

Ya ce, "Na sani. Amma in gaskiya ne abin da aka faɗa masa, cewa motocin kamfanin nan babbar hanya suke bi, da rana, a jere, kuma akwai na'urar da ke tona direba in ya wuce lokacin tsayawa, to ni a zamanina da na samu wanda zai tilasta min barci da na gode masa. Gara ki yi kewarsa da ki yi zaman da matar Haladu ta yi."

Na kwashi kwanuka na shiga ciki. Ban yi masa magana ba har azahar, don haushi nake ji, kuma ban san wa nake jin haushi ba. Na juya maganar ta kowace fuska ina neman inda zan kayar da ita, ban samu ba.

Saboda haka ga shawarata. Ka nemi aikin kamfanin. Ni da na haife ka, ni da na fi kowa son in buɗe ido in gan ka, yau da bakina nake ce maka ka yi nisa.

Amma kada ka shiga da ka. Ban ce babbar hanya ba ta da haɗari ba, ita ma ana tare ta, ga ramuka, ga masu ganganci. Kuma abin da ake faɗa a ofis daban, abin da ke faruwa a hanya daban. Babanku ya ce in gaya maka, kada ka tsaya ga maganar manaja. Ka je inda direbobinsu ke shan shayi, ka zauna, ka saya wa wani dattijo a cikinsu, ka bar shi ya yi magana. Hutun da aka ce ana bayarwa, ana bayarwa kuwa, ko sai an ga dama? In mota ta kwana a layin lodi, ana lissafa shi cikin aiki ko cikin hutu? In taya ta fashe ko an yi tsautsayi, wuyan wa ake kamawa? In direba ya ji rauni, wa ke kai shi asibiti? Ya ce kuma in da hali ka nemo wanda ya sauka daga motar da za a ba ka, ka ji dalilinsa daga bakinsa. Duk abin da suka yi maka alkawari ka ce a rubuta, ka kawo min in karanta da tabarauna. In ka tarar ƙarya ce, ka juyo gida ba tare da jin kunyar kowa ba. Gonar bakin rafi tana nan, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya jira wata damar.

In Allah Ya sa ka fara, ka riƙe salla. Allah Ya yi wa matafiyi sauƙi, Ya ba shi ƙasaru, bai ba shi izinin bari ba. Kada ka ɗora ɗan Adam a saman kaya ko ya haɗa ka da Allah, ka tuna mutumin Danja. Kada ka sayar da ɗigon man da aka ba ka amana, ko kowa na yi. In kana can sama kana kallon ƙananan motoci da 'yan acaba kamar tururuwa, ka tuna kowane ɗaya akwai mai jiransa a gida. Garuruwan da direbobi ke yada zango kuma, ban buƙatar in yi maka dogon bayani, kai ba yaro ba ne. Ka ci abincinka, ka yi sallarka, ka kulle motarka. Kada ka kwaso wa baiwar Allahn nan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Maganar Rukayya, tana hannuna har ta sauka lafiya ta yi wanka, wannan kada ya dame ka. Amma ka gaya musu tun yanzu cewa matarka na gab da haihuwa, kada ka bari sai ranar ta zo. In kuma ka zauna da gindinka a can, ka nemi ɗaki ko ƙarami ne ka ɗauke ta. Zan yi kewarta, zan yi kewar abin da za ta haifa, amma ban yarda a bar min ita ta tsufa a bakin ƙofa tana sauraren ƙarar mota ba.

Wannan shawara ce, ba umarni ba. Kai ne za ka zauna a kujerar. Ka yi istihara, ka shawarci kawunka. Duk wanda ka zaɓa a cikin biyun ba zan yi fushi ba, tumatir ne kaɗai ban yafe ba. Abin da nake so, kafin ka karɓi makulli ka zo gida ka kwana, ka ci tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, ka durƙusa gaban babanku ya dafa kanka. Yana da maganganu a cikinsa da ba zai ba ni in rubuta ba, sai dai in kun zauna ku biyu.

Ranar tafiyar kuma, in ka ga kowa ya raka ka bakin titi ban da ni, kada ka ɗauka wani abu ne. Ƙafafuna ne ba za su kai ni ba. Ina ɗaki a kan buzu ina yi maka addu'a.

Allah Ya sa ka shiga a sa'a ka fita a sa'a. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya kare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin barci, da sharrin mutum. Ya sa kada hannunka ya zama sanadin hawayen kowa. Ya kai ka lafiya, Ya dawo min da kai da ƙafafunka. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna